Makarantar Soja ta Zariya Ba Gidan Kangararru Ba Ce

Wa zai manta da kurarin iyayenmu a Birnin Kebbi da Argungu? Da yaro ya fara gudun aji ya koma su a gulbi, sai ka ji an ce, "Soja zan kai ka su gyara ka!" Ni kaina na sha wannan kurari.

Sai da na girma na gane ba don irinmu aka yi makarantar ba. An kafa ta a Zariya ran 20 ga Mayu, 1954, da sunan Boys Company, da yara 30 a ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey. Nufin Turawa shi ne su raini 'ya'yan sojoji su zama kofur-kofur da saje-saje masu ilmi da sana'a. A 1960 aka sake mata suna Makarantar Soja ta Nijeriya, kuma ita ta yaye su Tunde Idiagbon da Joseph Garba da David Mark. Gidan horon kangararru daban yake, yana Kakuri a Kaduna, shi kuwa kotu ke kai yaro.

Da ɗan ƙanena ya fara faɗuwa jarrabawa a aji uku, uban ya zo mini da zancen Zariya. Na ce masa daga aji ɗaya ake shiga, bayan jarrabawa da gwajin lafiya. Muka je muka zauna da malamin ajinsu. Ashe allo ne yaron ba ya gani daga baya inda yake zama. Tabarau muka yanko masa a Sakkwato.