MSSN: Ƙungiyar da ta zame wa ɗalibai uwa da uba a jami'a

Manomin Kura ko Bunkure da ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonarsa, in ya sayar da shinkafa da tumatirin rani ya tura ɗansa Jami'ar Bayero ko ta Wudil, fargabarsa ba ta wuce guda: wa zai sa wa yaron nan ido? Shekaru da dama ke nan Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wato MSSN, tana ɗauke wa iyaye wani kaso na wannan nauyi.

A Legas aka kafa ta ranar 18 ga Afrilun 1954, a hannun 'yan sakandare Musulmi da ke karatu cikin tsarin da makarantun mishan suka mamaye. Lateef Adegbite ne shugabanta na farko. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ga kuma Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, sai ƙungiyar ta yi jijiya a Arewa.

Aikinta ya fi bayyana a makon shigar sababbin ɗalibai. Yaro ya sauko daga mota da jaka da ƙullin gari, bai san ofishin rajista ba, sai ga wani ɗan'uwa ya karɓe shi, ya nuna masa layi da masallaci, wani sa'in har da wurin kwana. Daga nan sai darasin ƙari kyauta kafin jarrabawa, tafsiri da azumi, da taron hutu na IVC. Amir na jagorantar 'yan'uwa, Amira na kula da mata, ana jan kunne kan satar amsa, shaye-shaye da ƙungiyoyin asiri.

Tafiyar ta gamu da gargada. A ƙarshen shekarun 1970 reshen Zariya ya ɗau zafi da taken "Musulunci kaɗai", har jami'ar ta kori wasu jagororinsa, ciki har da Ibrahim Zakzaky. Wannan zamani ya raba kan 'yan'uwa, ya kuma sa wasu ɗalibai ɗari-ɗari da ƙungiyar.

Darasin a fili yake. Duk lokacin da ƙungiyar ta ɗauki hanyar hidima da nasiha, ɗalibai sun bi ta da son ransu. Da ta ɗau zafi, sai aka watse. Shugabanninta na yau su riƙe wannan da kyau, domin amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsu.