Ina Wutar? Tarihin Kuɗin Lantarkin Najeriya da Ƴan Kwangila

Filinmu na tarihi a wannan karo ya leƙa maƙwabciyarmu Najeriya, kan kuɗin da aka yi shekaru ana zubawa domin samar da wutar lantarki, da ƴan kwangila da jami'an da ake zargin sun yi sama da faɗi da su.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da kwangilar Abuja? Da ruwanmu kuwa, har da tsaki. Kuran ɗin da ke juya fanka a Yamai da Dosso, tun 1976 ta layin Birnin Kebbi yake shigowa. Na Maraɗi da Damagaram kuma ta Katsina yake biyowa zuwa Gazawa. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Ai ba ka manta ba, a farkon Agustan 2023, mako guda bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka datse layin saboda takunkumin CEDEAO, ba a maido shi ba sai Maris 2024. Mai ƙanƙara ya ji a jikinsa, haka mai injin niƙa da mai walda da mai cajin waya. Kai ma makiyayi abin ya taɓa ka, don allurar rigakafin dabbobi sai da sanyi take zama, in firji ya mutu ita ma ta mutu. Saboda haka tarihin wutar Najeriya, wani yanki ne na tarihin aljihunmu.

Bari mu faro daga tushe. A 1964, zamanin Firimiya Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka soma gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wato kogin Isa da ya ratso ta Yamai da Gaya. An kammala ta a 1968, alhali ƙasar na tsakiyar yaƙin basasa. Ka riƙe wannan a ranka: shekara huɗu kacal, kuma ana cikin yaƙi. Ruwan madatsar ya cinye tsohon garin Busa, aka tashi mutum sama da 40,000 aka sake musu matsuguni, aka samu tasha mai ƙarfin megawat 760. A 1972 aka haɗe hukumar lantarki da hukumar madatsun ruwa, aka haifi NEPA, sunan da har gobe yara ke ihu da shi in an kawo wuta. Daga baya aka ƙara Jebba a 1985 da Shiroro a 1990. Jami'an Najeriya da bakinsu sun sha faɗin cewa ɗaya daga cikin dalilan sayar mana da wuta shi ne kada ƙasashen da ke saman kogin su tare ruwan da ke juya injinan Kainji. Ka ga ashe ciniki ne, kowa na da abin da yake karewa.

Bayan Shiroro sai aka yi dogon barci. Kusan duk shekarun 1990 na mulkin soja ba a gina wata babbar tasha sabuwa ba, tsofaffin kuma ba gyara. Jama'a na ƙaruwa, injina na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Olusegun Obasanjo ya karɓi mulki a 1999, abin da ƙasar ke samarwa bai kai megawat 2,000 ba. Ministansa na farko a wannan fanni, Bola Ige, ya yi alkawarin kawo ƙarshen ɗauke wuta cikin ɗan lokaci, amma ba a jima ba aka sauya masa ma'aikata, duhu na nan yadda yake.

A 2005 aka yi dokar gyaran fannin lantarki, NEPA ta koma PHCN. A daidai wannan lokaci aka ƙaddamar da babban shirin nan na NIPP: sababbin tashoshi goma masu aiki da iskar gas, irin su Geregu da Omotosho da Alaoji da Kalaba, waɗanda jimillar ƙarfinsu ya doshi megawat 5,000. Kuɗin kuwa daga asusun rarar man fetur aka riƙa ɗebo su, domin a lokacin farashin mai ya yi sama, baitulmali ya cika ya batse.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya ka ji yadda kwangilar gwamnati take, don a nan gizo ke saƙar. Idan an ba kamfani aiki, akan ba shi wani kaso tun bai sa diga a ƙasa ba, shi ne kuɗin kafin alƙalami, don ya sayi kayan aiki ya kai ma'aikata fili. Sauran kuɗin sai injiniyan gwamnati ya je ya duba, ya sa hannu cewa aiki ya kai matakin kaza, sannan a biya. Kai da ka san kasuwar shanu, kamar ka ba dillali rabin kuɗin bijimi ne kan zai kawo maka shi ranar kasuwa mai zuwa. In dillalin mai amana ne, shi ke nan. In kuwa shi da mai shaidar cinikin bakinsu ɗaya, to kuɗinka sun tafi, bijimi kuma sai a mafarki. Zarge-zargen da ake yi a fannin lantarki duk ba su wuce wannan ba: a kumbura farashi, a ba kamfanin da bai san aikin ba saboda na wani babba ne, a biya kafin alƙalami mai tsoka, sannan a sa hannu kan aikin da ba a yi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kwangila shi kaɗai ba ya iya fitar da ko sisi daga baitulmali, sai da hannun na ofis.

Asirin ya soma fitowa ne bayan Umaru Musa Ƴar'aduwa ya hau mulki. A farkon 2008 ya ce an kashe dala biliyan 10 a kan wuta daga 1999 zuwa 2007 ba tare da an ga sakamakon da ya dace ba. Shugaban majalisar wakilai na lokacin, Dimeji Bankole, ya ce ai abin ya kai dala biliyan 16, wato miliyar 16 a lissafinmu na nan. Majalisar ta sa kwamitinta na lantarki ƙarƙashin Ndudi Elumelu ya yi bincike, aka yi zaman a bainar jama'a, talabijin na nunawa. Ƴan kwamitin suka zagaya ƙasa suna duba ayyuka. Abin da suka ba da rahoto ya girgiza mutane: wuraren da aka biya kuɗi masu yawa amma sai ciyawa, ƴan kwangilar da suka karɓi kafin alƙalami ba su taɓa taka filin ba, manyan injina da aka sayo daga waje suna jibge a tashar jiragen ruwa don babu hanyar da za ta ɗauke su, da tashoshin da aka tsara ba tare da bututun da zai kai musu gas ba.

To sai me ya biyo baya? A 2009 hukumar EFCC ta kama shi kansa Elumelu tare da wasu, kan zargin almundahanar naira biliyan 5.2 a kwangilolin kai wuta karkara. Ya musanta, daga baya kuma kotu ta sallame shi. Amma kafin nan hankalin jama'a ya riga ya bar rahoton ya koma kan mai rahoton. Majalisa ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ya sake duba aikin na farko, magana ta yi sanyi. Obasanjo da mutanensa sun ƙaryata adadin biliyan 16 tun daga farko, suna cewa abin da aka fitar bai kai ko kusa da haka ba, kuma dakatar da biyan kuɗin NIPP da gwamnatin Ƴar'aduwa ta yi na kusan shekara biyu shi ya gurgunta ayyukan. A Mayun 2018 Muhammadu Buhari ya sake tono maganar, yana tambayar ina wutar da aka kashe wa waɗannan kuɗi. Obasanjo ya mayar da martani cewa an bincike shi ba a same shi da laifi ba. Aka yi ta cacar baki, talaka dai na sayen man janareta.

Babu labarin da ya fi nuna wannan ciwo kamar na Mambila. Tsauni ne a jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru, ƙasar ciyawa da sanyi da garken shanu, wadda duk Bafulatani ya san sunanta. Sama da shekara 40 ke nan ana maganar tare kogin Donga a can, a samar da megawat 3,050, wato ninki huɗu na Kainji. A ranar 22 ga Mayun 2003, ana saura mako guda wa'adin farko na gwamnati ya ƙare, ministan lantarki Olu Agunloye ya rubuta wa kamfanin Sunrise Power takardar ba shi aikin a kan dala biliyan 6. Obasanjo ya ce bai taɓa amincewa da hakan ba, ministan kuma ya ce bai yi komai a kan son ransa ba. A 2017 gwamnatin Buhari ta ba wasu kamfanonin Sin uku aikin a kan dala biliyan 5.8, bisa tsarin bankin Sin ya ba da bashin kashi 85 cikin 100. Nan take Sunrise ya kai ƙara kotun sasanta rikicin kasuwanci da ke Paris, yana neman diyyar sama da dala biliyan 2.3. Mai ba da bashi kuwa ba ya sakin kuɗi a kan abin da ake shari'a a kansa. A 2020 aka yi yarjejeniyar biyan Sunrise dala miliyan 200 don a rufe magana, Buhari ya ƙi amincewa a biya, rikici ya dawo sabo. A shekarar ne wakilan sashen Hausa na BBC suka je wurin, suka nuna wa duniya cewa babu madatsa babu alamarta. A Janairun 2025 har tsofaffin shugabannin biyu, Obasanjo da Buhari, sai da suka je Paris ba da shaida.

A gida ma shari'a ta taso. A Janairun 2024 EFCC ta gurfanar da Agunloye kan waccan takarda ta 2003, ya ce bai aikata ba. A Yulin shekarar ta gurfanar da Saleh Mamman, ministan lantarki daga 2019 zuwa 2021, kan zargin karkatar da naira biliyan 33.8 na ayyukan Mambila da Zungeru, inda masu ƙara suka ce ta hannun ƴan canji aka bi da kuɗin. Shi ma ya musanta a ranar da aka karanta masa tuhuma.

Sai dai mai karatu, mu yi adalci. Zargi daban, hukuncin alƙali daban, kuma ba kowane aiki da ya tsaya ne aka sace kuɗinsa ba. Dubi injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, nan kusa da mu, masu megawat 10. Aikin ya tsaya cak bayan ƴan bindiga sun sace injiniya Bafaranshe da ke kula da shi a Disamban 2012. Wani aikin rashin tsaro ke kashe shi, wani rashin tsari, wani sauyin gwamnati. Ita kuma Zungeru mai megawat 700, duk da jinkiri da zargin da ke kanta, an kammala ta a 2023. Abin da ya sa mutane ke saurin cewa sata ce, shi ne ba a cika bayyana musu nawa aka biya, wa aka biya, me ya yi ba. Inda babu lissafi a fili, zato ne ke cika wurin.

A ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa wa ƴan kasuwa yawancin kamfanonin raba wuta 11 da na samar da ita 6, gwamnati ta riƙe manyan layukan dakon wutar. An ce daga nan matsala ta ƙare. Amma yau tashoshin ƙasar a takarda sun kai wajen megawat 13,000, abin da ke isa ga jama'a kuwa yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Ɗan kasuwa, wannan duhun yana cikin kuɗin kayan da kake sarowa. Masaƙun Kano da Kaduna da suka rufe, rashin wuta na cikin abin da ya durƙusar da su. Masana'antar da ta rage kuma da gazuwal take aiki, kuɗin man nan yana cikin farashin kowane bokitin roba da kowane katan na sabulu da ka ɗauko daga Kano ka shigo da shi ta Jibiya ko Maigatari.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da Kandaji a jihar Tilaberi, mai megawat 130. Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashinta a 2008, aka ba wani kamfanin Rasha aikin, aka soke kwangilar a 2013 saboda tafiyar hawainiya, kamfanin Gezhouba na Sin ya karɓa a 2019. Ƙauyuka da makiyaya ne za su ba da gonaki da wuraren kiwo domin wannan ruwa, kamar yadda mutanen Busa suka bayar. Wanda ya ba da ƙasarsa kuwa yana da hakkin ya yi tambaya.

Don haka duk ranar da ka ga an kafa allon kwangila a garinku, ko na turakun wuta ne, ko na fanfon hasken rana a mashayar dabbobi, ka sa yaro mai karatu ya karanta maka sunan kamfanin da kuɗin aikin da ranar gamawa. Ku rubuta ku ajiye wurin mai gari ko shugaban ƙungiyarku. In ranar ta wuce ba ruwa ba wuta, ku je wurin magajin gari da takardarku a hannu, ku tambaya cikin ladabi, kuma ku koma ku sake tambaya. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya sa albarka a dukiya da kasuwa.