Kunama a Jikin Randa: Ladi Kwali da Tanderun Abuja

Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga mace ta duƙufa kan tukunya. Ladi Kwali ce, 'yar Gwari da aka haifa a garin Kwali wajen 1925, ta kuma rasu a Minna a 1984. Yadda aka saba ba da labarinta, wai Bature ne ya zo da kimiyya, ita kuma ta zo da baiwa da al'ada, haɗuwarsu ta haifi abin da duniya ta yaba. Wannan rabon bai yi adalci ba. Tun kafin Baturen, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, matan Gwari sun riga sun san halin yumɓu da wuta da ruwa, sani na gwaji da maimaici, ko da ba a rubuta shi a littafi ba.

A dubi randar kanta. Maginiya ba ta da faifan juyi. Ita ke zagaya tukunyar, tana jan yumɓu sama da hannu, tana ɗora murɗaɗɗen curi bisa curi har ciki ya buɗe, wuya ya tsuke. Yumɓun mai tsakuwa-tsakuwa ne, don kada ya tsage in wuta ta kama shi farat ɗaya. A fili ake gasawa da itace da ciyawa, zafin bai kai ya toshe ƙananan kafofin jikin tukunyar ba, saboda haka randa ke tsattsafo, iska ta busar da danshin, ruwan ciki ya yi sanyi. Wannan dabarar ce Mohammed Bah Abba ya ɗora a kai a Jigawa da tukunya cikin tukunya mai adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Zanen ma daga dawa ya fito: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi da tsuntsu, kowanne a gidansa tsakanin layukan da aka tsaga da tsinke. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara tukwanen Ladi a fada, can Cardew ya fara ganinsu.

To me cibiyar ta ƙara? Da Ladi ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin, ta koyi aiki da faifai, amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da ginawa. Abin da ya sauya shi ne yumɓu da wuta. Tanderu na kai zafi sama da digiri 1,200, yumɓu ya ƙanƙame kamar dutse, ruwan sheƙin da aka shafa ya narke ya zama gilashi. Ana cusa farin yumɓu cikin tsagar zanen, sai ƙafafun kunama su fito tas a ƙarƙashin sheƙin. Haka randunan suka kai baje koli a Landan daga 1958, ita kuma ta sami lambar MBE a 1963 da digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977.

Masu suka na cewa tanderu ya kashe randar, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Randa mai gilashi ba ta tsattsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin ƙauyen da ya haife ta. Sai dai wannan sukar ita ce ma hujjar da ke rusa labarin farko. In har sabuwar fasaha ta raba randa da aikinta, ashe tsohuwar ta fi dacewa da buƙatar mai shan ruwa, ba jahilci aka zo kawarwa ba. Cardew da kansa ya yaba tukwanen gargajiya, manufar cibiyar kuwa kwanuka da kofuna da butocin shayi ce ga masu albashi. Abin da ya faru sauyin kasuwa ne: randa ta bar gindin inuwa ta hau teburin nuni, matan Kwali kuma suka ci gaba da gina mai sanyaya ruwa.

Wani zai ce ai ba don Bature ba, da sunan Ladi bai wuce ƙasar Gwari ba. Wataƙila. Amma a lura da abin da masu zuwa koyo suka ɗauka. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da tukwanenta ke manyan gidajen tarihi a yau, ta zo Abuja a 1974 ta koyi gini wurin Ladi da sauran matan cibiyar. Ta shahara ne da tukwanen da take ginawa da hannu, ta goge su har su yi santsi, ba faifai, ba gilashi.