Nutso a Ruwan Gobir: Haɗarinsa, Ƙa'idojinsa da Dokokin Kare Gulbi

Nutso shi ne shiga ƙarƙashin ruwa da gangan, ko dai da riƙe numfashi ko da tukunyar iska da ake goyawa a baya. A gabashin Jihar Sakkwato, musamman ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, sana'a ce ta masunta da Sarkawa, kuma su ne ake fara nema duk lokacin da kwale-kwale ya kife.

Yanayin ruwan yankin

Kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi su ne ke haɗuwa a wannan yanki su zama Gulbin Rima. Ruwansu na damina ne. Daga Yuli zuwa Satumba sukan cika su malale cikin fadamu, da rani kuma su janye, su bar tabkuna da rairayi. Garuruwa irin su Unguwar Lalle suna rayuwa ne bisa wannan sauyi. A ƙasa da su akwai madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942.

Ruwan damina ja ne saboda laka, mai nutso ba ya ganin ko tafin hannunsa. Igiyar ruwa tana da ƙarfi, tana jawo itatuwa da tsofaffin tarun kamun kifi da ke iya sarƙe ƙafa. Kusa da ƙofofin madatsa kuwa, ruwa yakan zuƙe mutum ya manne shi. Akwai kuma cutar tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune.

Dalilin da ya sa batun ya shafi kowa

A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a haɗarin kwale-kwale a Ƙaramar Hukumar Shagari. A ranar 17 ga Agustan 2025 wani jirgin ruwa ɗauke da fiye da mutum 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo, kuma masu nutso na gargajiya suna cikin waɗanda suka yi aikin ceto. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba tare da iska ba. Saboda haka wanda ke bakin gulbi ne ke iya ceton rai, ba ayarin da zai taso daga birnin Sakkwato ba, balle a yankin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyinsa abin tsoro.

Ƙa'idojin tsaro

Ƙa'ida ta farko ita ce kada mutum ya nutsa shi kaɗai. A ruwa mai duhu da gudu, ana ɗaura masa igiya, wani yana riƙe da ita a sama, suna magana ta hanyar fizga. Mai riƙe numfashi kada ya yi ta zuƙar iska da sauri kafin ya shiga, domin hakan yakan sa ya suma a ƙasa ba tare da wata alama ba.

Ga mai tukunyar iska, nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama a kowace mita 10 ta zurfi. Idan ya riƙe numfashi yana hawowa, iskar da ke huhunsa takan kumbura ta yaga shi. Idan ya hawo da gaggawa, iskar naitirojin takan yi kumfa a jininsa, ta jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Shi ya sa ake hawowa a hankali, kimanin mita 9 a minti ɗaya, a dakata minti uku a zurfin mita 5. Ba a ɗaukar wannan kayan aiki sai da horo.

Doka da kare gulbi

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin tsaron sufurin ruwa. Ƙa'idojinta sun wajabta rigar kariya, sun hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 kuma ta haramta kashe kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Haramcin yana da muhimmanci a nan, domin tabkunan rani su ne mafakar kifin da zai hayayyafa idan ruwa ya dawo. Wanda ya zuba guba a tabki ya kashe kamun baɗi, ya kuma gurɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Al'ada ma tana da nata tsarin. A Argungu ana hana su a Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, kuma Sarkin Ruwa yana cikin masu tsare wannan hani. A Gobir ma akwai masu irin wannan ilimi. Tambayar da ta dace a yi wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa ita ce, nawa aka ware a kasafin kuɗi domin horar da masu nutso, da sayen igiya da rigunan kariya, kafin damina ta gaba ta sauka.