Taki, Bashi da Manomin Obi

Idan muka yi waiwaye, wanda Hausawa ke kira adon tafiya, za mu ga cewa hannun hukumomin duniya ya daɗe da isa gonakin doya da rogo na ƙasar Obi. A shekarar 1977 aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Lafiya da bashin Bankin Duniya, bayan na Funtuwa da Gusau da Gwambe da suka soma a 1975. A lokacin yankin yana cikin Jihar Filato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Nasarawa. Ƙashin bayan shirin shi ne hanyoyin karkara da malaman gona da takin zamani, wanda gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinsa.

Da farashin man fetur ya karye, sai bankin nan da ya koya wa manomi dogaro da taki ya dawo yana matsa wa gwamnati ta janye rangwamen.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda waɗannan hukumomi suke saƙe da juna tamkar tabarma. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara a kan karɓar bashin Asusun Lamuni na Duniya, jama'a suka ce ba su so, gwamnati kuwa ta ce ta ji. To amma ƙasashen da ke bin mu bashi, wato Ƙungiyar Faris, ba su ɗaga wa kowa ƙafa sai Asusun ya amince da tsarin tattalin arzikinsa. Bankin Duniya ma tafiyarsa ɗaya da Asusun. Saboda haka a 1986 aka ƙaddamar da shirin SAF, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka kuma ce wai shirin ɗan gida ne. Mun ƙi kuɗin, mun ɗauki sharuɗɗan. A ganinmu, muhawarar nan an yi ta ne a kan ƙofa ɗaya, alhali gidan ƙofofinsa uku.

Duk da haka, kada mu wanke shugabanninmu. Rangwamen taki ya daɗe yana ƙarewa a aljihun dillalai da masu fasa-ƙwauri kafin buhu ya isa Obi, kuma da wannan hujja gwamnatin Abacha ta soke shi ɗungurungum a 1997. Amfani da taki ya ragu ƙwarai, har a 1999 aka dawo da rangwamen kashi 25 cikin ɗari.