Saukar Alƙur'ani

Sauka ita ce karatun da ɗalibi kan gabatar a bainar jama'a bayan ya kammala izu sittin. A makarantar allo, kafin ranar akan shirya masa allon zayyana, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ya karanta a gaban malamai da ruwayar Warshu. Islamiyyun Gyadi-Gyadi da Tarauni kuwa galibi Hafsu suke bi, kuma rukuni-rukuni suke yaye ɗalibai, bayan jarrabawar tajwidi da makonnin bita. Sauka dabam take da hadda, domin mai sauka rubutu yake dubawa. Nauyin anko da shahada da walima yana wuyan iyaye, kuma wani lokaci kuɗin nan ne kaɗai ke hana ɗalibin da ya cancanta shiga sahun masu sauka.