Daga Dardumar Kisra zuwa Buzun Malam: Tarihin Abin Shimfiɗa Tsakanin Farisa da Arewacin Zamfara

A shekara ta 16 bayan Hijira (637 Miladiyya), rundunar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ta shiga Mada'in, fadar sarakunan Farisa. Cikin ganimar da aka samu akwai wata katafariyar darduma da ake kira Bazarar Kisra, wadda aka saƙa mata siffar lambu, da magudanan ruwa da furanni na duwatsu masu daraja, domin sarki ya zauna a kanta lokacin sanyi kamar yana cikin bazara. Imam Ɗabari ya kawo cewa an aika da ita Madina, Halifa Umar (RA) ya yi shawara da sahabbai, aka yanyanka ta aka rarraba, har Sayyidina Ali (RA) ya sayar da rabonsa a kan dubu ashirin.  An yanka dardumar, amma ba a hana masaƙa aikinsu ba.

Sana'ar ta ci gaba a ƙarƙashin Musulunci har ta kai ƙololuwa a zamanin daular Safawiyya. Shaidar haka ita ce dardumar Ardabil, wadda ke ɗauke da shekarar 946 Hijiriyya (1539-1540) da sunan Maƙsud Kashani, kuma tana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan tun 1893. Tsawonta ya haura mita goma. Da hannu aka ɗaura zaren ulu ƙulli bayan ƙulli, a kan tsari guda: babban tambari a tsakiya, fitilu biyu na rataye a gefensa, rassa da furanni sun cika fili, sannan iyakoki sun kewaye su. Irin wannan aiki yana buƙatar mutum biyu, mai zane da ke tsara fasalin, da masaƙi da ke bin sa. Da yawa daga sauye-sauyen da suka sami dardumar Farisa daga baya, ta hannun mai zanen suka shigo.

A farkon shekarun 1880 wani kamfanin Mancesta ta Ingila mai suna Ziegler ya kafa harkarsa a Sultanabad, wato Arak ta yau, ya riƙa sassauta launuka da fasali don su dace da ɗakunan Turawa. Rinin sinadari mai araha ya shigo, har gwamnatin Ƙajar ta yi ƙoƙarin hana shi saboda yadda yake ƙoɗewa. Masu fasahar yau gadon wannan tarihi suka tarar, kuma ba hanya ɗaya suka bi ba. Wasu sun koma ga gabbe, saƙar matan makiyaya na Ƙashƙa'i da Lur, mai kauri da sauƙin zane, suka dawo da rinin saiwa da ganye. Wasu kuwa rushe tsarin suke yi da gangan. Faig Ahmed na Azarbaijan, ƙasar da ke tarayya da Iran a wannan gado, yana zana darduma a kwamfuta ta yadda rabinta zai zama kamar ya narke yana kwarara, sannan masaƙa su saƙa ta da hannu bisa tsohuwar ƙa'ida. Irin wannan aiki na bango ne da ɗakin nuni, ba wanda zai yi salla a kansa. Akwai kuma masu faɗaɗa tsohon tsari don manyan masallatai, kamar dardumar masallacin Shaikh Zayid a Abu Dabi, wadda Ali Khaliƙi ya zana, masaƙa fiye da dubu suka yi aikinta. Abin da ya haɗa su duka shi ne hannun masaƙi bai yanke ba, kuma UNESCO ta sanya saƙar Fars da ta Kashan cikin gadon ɗan Adam a 2010.

Wannan zane na Farisa ya iso Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai dai ba tare da masaƙinsa ba. Siffar mihrabi da rassa da furanni da ke kan dardumar da mai salla ke shimfiɗawa yau daga can asalin da yawansu yake, amma inji ne ya buga su, galibi a Turkiyya ko Sin. Kafin haka, abin sallar malami a wannan yanki buzu ne, na talaka kuma tabarmar kaba ko tsabtataccen rairayi. Kuskure ne a ɗauka talauci kaɗai ya jawo hakan, domin fiƙihu ma yana da hannu a ciki. A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an karhanta yin sujada a kan tufa da shimfiɗun ni'ima ba tare da larura ba, ba a karhanta tabarma ba, kamar yadda yake a Mudawwana da Mukhtasar na Shaikh Khalil. An ma ruwaito cewa Imam Malik ya yi inkari mai tsanani ga Abdurrahman ɗan Mahdi lokacin da ya shimfiɗa darduma a masallacin Madina.

Kuma ba wai yankin ba shi da saƙa ba ne. Heinrich Barth ya ratsa ta Zurmi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya kuma bayyana kasuwar Badarawa, ta ƙasar Shinkafi a yau, cike da dubban mutane, auduga ce babbar hajarta. Kafin zuwansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya riga ya umurci Umarun Dallaji na Katsina, a cikin Usulus Siyasa, da ya kula da masu sana'a ya zaunar da su a garuruwa. Mata na kaɗi, maza na saƙa sawaye siri-siri a ɗinke su, marina na turawa da baba. Daga nan ake samun fari da saƙi da gwado, da luru mai zane-zanen kusurwa. Saƙa ce ta shimfiɗe, ba ta ƙulli ba, saboda haka darduma mai gashi ta kasance baƙuwar haja da ke bin ayarin Sahara zuwa fadoji, har akwai sarautar Kilishi a fadar Kano, mai kula da shimfiɗar sarki.

Mancestar da ta sauya launin dardumar Sultanabad ita ce kuma ta taɓa masaƙin Zamfara, amma ta wata fuska. A can ƙwarewar masaƙi take saye, a nan kuwa audugarsa kawai take so. An kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, a 1902, layin dogo daga Zariya ya kai Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta riƙa fita ɗanya, atamfa da akoko suna shigowa. Da aikin Hajji ya koma ta jirgin sama, darduma ta zama tsarabar Makka da kowane gida ke jira. Rashin tsaro na shekarun nan ya ƙara nauyi a kan abin da ya rage, musamman da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako a 2021, alhali a can mai tabarma da masaƙi ke haɗuwa da mai saye.

Mas'alar da ke gaban kwamitocin masallatai a yau ba ta ingancin salla ba ce, domin salla a kan darduma mai tsarki ta inganta ba tare da saɓani abin lura ba. Mas'alar khushu'i ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa a mayar wa Abu Jahm, a kawo masa marar zane, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. Idan za a sabunta shimfiɗar masallacin Juma'a a Zurmi ko Shinkafi, ana iya neman wadda launinta ɗaya ne, da layin sahu kawai. Ana kuma iya ba masu saƙar kaba na ƙauyukan kewaye kwangilar tabarmin haraba, maimakon na roba da ake sarowa daga Kano.